Rasuwar Ɗan Ƙwas, Abin Huda Tikitin Malam Zailani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci kuma wanda ya fi baƙin cikin, ni Nasrullahi Zailani, mai duba tikiti a jirgin ƙasan 'yan yawon buɗe ido da ke hawa duwatsun wajen Hatta, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Dubai da na gida rasuwar abin huda tikitina, wanda aka fi sani da Ɗan Ƙwas. Ya rasu yana da shekara hamsin da 'yan kai, lafiyarsa garau, ko tsatsa bai taɓa kwantar da shi ba. Ba zan rubuta sunan kamfanin da abin ya faru a hannunsa ba, domin bizata tana aljihunsu. Sunan Mubashir kuwa zan rubuta shi, kuma ba sau ɗaya ba.

Marigayin ba haifaffen Dubai ba ne. A Kafanchan ya buɗe ido, a hannun mahaifina Malam Zailani, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba tikiti a jirgin da ke hawa daga Kafanchan zuwa Jos. Baƙin ƙarfe ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, bakinsa kamar na filaya. Baba ya sha gaya mana cewa a zamaninsu kowane ma'aikaci da irin hujin da nasa ke yi, don in gardama ta tashi a san ta hannun wa tikiti ya bi. Na Baba jinjirin wata yake fitarwa. A jikin mariƙinsa kuma Baba ya sa wani maƙeri ya rubuta ZAILANI K/CHAN da ƙusa da guduma. Maƙerin bai yi boko ba, sai ya juya harafin farko ya kalli baya. Muna yara mukan yi wa harafin nan dariya, Baba ya ce mu bar shi, yana kallon inda ya fito ne.

Ranar rabon gado hankalin kowa yana kan gida da gona. Yayata Mero ce ta ɗauko shi daga ƙarƙashin matashin Baba ta damƙa mini. Ta ce, "Kai ne mai ƙafar yawo, tafi da shi ya sha iska. Amma fa amana ce, Nasiru." Na ce mata in sha Allahu. Haka ya shigo Dubai a aljihun rigata, ya yi shekara biyu yana zaman banza tare da ni ina jan kwalaye a wani siton kaya a unguwar Al Qusais, har Allah ya sa wani kamfani ya shimfiɗa ɗan layin dogo a kan dutse yana neman ma'aikata. Ranar ganawa manaja ya tambaye ni me na sani game da jirgin ƙasa. Ban san komai ba. Na fito da marigayin na huda gefen takardar neman aikina. Manaja ya ɗaga takardar ya leƙa ta cikin jinjirin watan, ya yi dariya, ya ce in zo ranar Litinin. Don haka a shaida, shi ya samo mini aikin, ba ni na samo masa ba.

Jirgin namu tarago uku ne, minti ashirin da biyar daga gindin dutse zuwa kansa. Akwai wata kwana da idan ya kai ta yakan yi nishi kamar tsohon da ya tashi daga tabarma, fasinjoji su yi tsit, masu ɗaukar hoto su rungume wayoyinsu. A daidai nan marigayin yake fara aiki. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Sai ka ga wanda ya ƙanƙame kujera ya saki, ya shiga laluben tikitinsa, ya manta da ramin da ke gefen taga. Bai taɓa neman caji ba. Bai taɓa cewa babu sabis ba. A watan Yuli, lokacin da ƙarfen ƙofar jirgi ke iya gasa tafin hannu, shi yana nan a yadda yake, a watan Janairu da iskar dutse ke shiga ƙashi ma haka. Maiko ɗigo ɗaya a wata, shi ne abincinsa.

Yana da ɗan ciki a ƙasan haɓarsa inda gutsattsarin takarda ke taruwa. Na saba in juye na hawa daban, na sauka daban, kamar yadda na ga Baba yana yi. Wata ranar Asabar da la'asar, jirgin ƙarshe ya sauko, na zuba na ga na sauka sun gaza da biyu. Direba ya ce khalas, an tashi, ƙila ta hanyar ƙafa suka bi. Na ce ko ta sama suka bi sai mun koma. Muka koma muka tarar da wani tsoho da matarsa a bayan dutse, ƙafar matar ta gurɗe, wayarsu ta mutu, an kulle rumfar shayi kowa ya watse. Kamfani ya ba ni takardar yabo mai tambari. Marigayin ko na gode ba a ce masa ba, bai kuma yi ƙorafi ba.

Da aka kawo na'urar da ke haska tikiti a fuskar waya, aka ce ya yi ritaya, ban yi jayayya ba. Zamani riga ne. Ya koma aljihuna, yana fitowa jefi-jefi ya huda wa yaran fasinjoji takardun talla, su tafi suna leƙen duwatsu ta cikin jinjirin wata. Da a ce a haka ya ƙare rayuwarsa, da ban rubuta wannan takarda ba.

To, ga yadda ciwon ajali ya shigo. Mubashir ɗan unguwarmu ne a gida, ƙanin abokina. Ya sauka Dubai da bizar ziyara da digiri a leda, ya yi wata huɗu a kan katifata a Al Qusais, ni ina ƙasa a kan darduma, wai shi baƙo ne. Ni na kai shi gaban manaja na ce yaron kirki ne, na san gidansu. Yana da kai, ba zan hana shi wannan ba. Cikin shekara biyu ya zama shugaban sashen talla, ya koma gida mai lifta, ya daina ce mini Yaya ya koma habibi irin na Larabawa. Na ji canjin a kunnena, na ce iskar gari ce, za ta wuce.

Sai masu kamfani suka ce suna son ɗan gidan tarihi a tashar gindin dutse, inda fasinja zai kashe lokaci kafin jirgi ya sauko. Matsalar ita ce layin namu shekararsa huɗu a duniya, tarihinsa bai cika faranti ba. Aka ɗora wa Mubashir neman tsofaffin kaya. Ranar ya same ni a kan dandamali, ya rusuna har da cire tabarau.

Ya ce, "Yaya, alfarma nake nema. Abin Baba za ka ara mana shwaiya, ɗan lokaci kaɗan, wata uku kacal. Gilashi za a sa shi, da fitila, duniya ta san shi."

Wannan Yaya da ta dawo bakinsa ita ta ci ni. Ya miƙo wata takarda mai shafi uku ya ce ka'idar ofis ce. Duk Bahaushe ya san abin da na yi. Ɗan'uwanka ya miƙo maka takarda yana tsaye yana kallonka, in ka tsaya karantawa layi-layi ai ka ce masa ɓarawo ke nan. Na sa hannu ina kallon fuskarsa, har ina yi masa kashedin kada a manta da maikonsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nawa laifin ke nan, na kuma ɗauka.

Bayan mako uku aka buɗe wurin, da jan ƙyalle da almakashi da dabino. Na kutsa cikin mutane ina neman baƙin ƙarfe, ban gan shi ba. A akwatin gilashi na tsakiya akwai wani abu rawaya yana ƙyalli a kan ƙyallen karan-miski. Sai da na duƙa na gane lanƙwasar mariƙinsa. An kai shi wani shago an tsoma shi a ruwan zinare. An ɗinke bakinsa da walda, wai kada wani ya ɗauka ya datse yatsa. Gefen da sunan Baba yake kuwa an goge shi da inji, sumul, har kana ganin fuskarka a ciki. A ƙasa an manna ɗan allo da ke cewa wani Bature ne ya yi aiki da shi a tsaunukan Suwizalan shekara ɗari da suka wuce. Har suna aka raɗa wa Baturen, wanda harshena bai iya juyawa ba.

Ban san lokacin da na ce inna lillahi da ƙarfi ba. Na ja Mubashir gefe na ce, "Ina sunan Baba?"

Ya ce, "Habibi, kar ka ɗauke shi da zafi. Brandin ne, harkar talla ce. Wa ya san Kafanchan a nan? In ka ce Najeriya babu mai tsayawa ya ɗauki hoto. Yalla, mu je, mutane na kallonmu."

Wa ya san Kafanchan. Wannan ya fito daga bakin yaron da kakarsa ta yi shekaru tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a tashar Kafanchan. Da Balarabe ne ko Ba'indiye ya faɗa, da na ce bai sani ba ne. Da ɗan gari akan ci gari. Na wuce wurin manaja na ce a ba ni kayana. Ya buɗe durowa cikin ladabi ya nuna mini sa hannuna a ƙasan shafi na uku, inda aka rubuta cewa na bayar kyauta har abada, kamfani kuma yana da ikon gyara shi yadda ya ga dama. Ya ce ya yi mamakin karamcina. A nan likita ya tabbatar da rai ya yi halinsa.

Marigayin ya bar 'yar jakarsa ta fata, wadda har yanzu take riƙe da siffar jikinsa, ina ɗagawa in ji ba nauyi. Ya bar kanta a gindin babban yatsana na dama, da gwangwanin alewa cike da ƙananan jinjirin wata da na ƙi zubarwa ban san dalili ba. Ya bar magajiyarsa, na'urar haska waya, wadda ba ta san komai ba sai tiit, kuma takan suma da zarar mun kai kan dutse. Ya bar Yaya Mero a Kafanchan, wadda ta wannan takarda za ta ji, don sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Yaya, ki gafarce ni. Amanar ta zube a hannuna, kuma da alƙalamina.

Akwai abin da ya fi wannan muni, gara ku ji daga bakina. Da yake ni ne mafi daɗewa a ma'aikata, ina kuma jin Turanci da ɗan Larabci, sai aka sa ni zagayawa da baƙi a gidan tarihin. Mubashir ya kawo mini kati in haddace. Kwana tara ke nan, sau uku a rana, ina tsayawa gaban gilashin nan da hular kamfani ina ba da labarin Bature da dusar ƙanƙara. Na gaya wa kaina wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shekaranjiya wata dattijuwa ta dafa gilashin ta ce lallai mai wannan abu ya ƙaunaci aikinsa. Na ce mata ƙwarai kuwa, sannan na kira sunan Baturen.

Game da jana'iza, ana sanar da jama'a cewa babu wanka babu likkafani, domin gawa tana hannun kamfani a kulle, da kyamara a kanta. Ga abin da za a yi. Ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe goma na safe, zagayen farko wanda ya fi cika da mutane, zan tsaya a inda na saba, in ajiye katin a kan gilashi. Zan faɗa da Turanci, in maimaita da Larabci, in rufe da Hausa, cewa wannan abu na Malam Zailani ne, baƙin mutum, ɗan Kafanchan, wanda ya hau dutse da shi shekara talatin da ɗaya, kuma sunansa yana daidai wurin nan da kuke ganin fuskokinku. Na san abin da zai iya biyo baya. Na riga na wanke rigar aikina na goge, in an ce a mayar, a shirye take.

Mai son halarta ya samu motar da za ta tashi daga bakin tashar jirgin metro ta Al Qusais ƙarfe bakwai da rabi. Kada a zo da abinci, kada a yi kuka, kada kuma kowa ya taɓa gilashin mutane. Wanda bai samu zuwa ba ya yi wa Malam Zailani addu'a a inda yake, ya kira sunansa yadda na kusa da shi zai ji. Za a karɓi gaisuwa a ɗakina bayan la'asar, ko ina da aiki a lokacin ko babu.

Mubashir, kai ma ana gayyatarka. Ka zo da wuri ka tsaya a sahun gaba, ka kuma bar tabarau a mota.