Babban Yatsan Malam Bubayero

"Lafiya lau, ango, sai gajiyar auren tsoho," in ji Ikram, tana tuɓe takalmi a ƙofar ɗakin kakanta.

Malam Bubayero shekararsa talatin yana dillancin albasa a kasuwar Ose ta Anacha. Wata huɗu ke nan da hawan jini ya shanye masa hannun dama, 'ya'yansa kuwa sun yanke magana: in hannun bai tashi ba kafin Sallah, gida Aliero za a mai da shi. Shi ko ko sunan komawar ba ya son ji. Ikram mai karatun jinya ce ta kawo masa wata tsohuwar na'urar wasa don ya riƙa motsa yatsa. A wasan, wani ɗan mutum ne a cikin lunguna masu dodanni, ya dasa bam, ya ruga ya ɓuya, bango ya fashe.

"Yau sau nawa ka tashi kanka da bam?" ta tambaye shi.

"Tafi can, mai ƙafa kamar muciya! Dodo bakwai na kashe tun hantsi."

"Kai Kaka, ji tsoron Allah! Jiya ina kallo ka ajiye bam ka tsaya a kansa kana jiran mai saye."

"Ɗan kasuwa ne ni, ban saba barin kaya a titi ba."

"Har kasa bama-baman kake yi uku-uku kamar albasa, ka toshe wa kanka hanya!"

"Sakinki zan yi, in auri mai sayar da okpa, alalen gurjiyar nan, a bakin titi."

"Abeg, sake ni yanzu! Ita za ta riƙa bin ka asibiti a okada?"

Tsohon ya yi ƙwafa, ya ɗauki na'urar da hannun dama. Ya dasa, ya kauce, ya sha kwana. Bango ya tarwatse, ɗan mutum na nan da ransa. Ya sake, ya kuma sake, har ƙofar fita ta bayyana.

Ikram ta ƙura wa babban yatsansa na dama ido, hawaye ya taru mata.

"Ina bakin?" ya ce yana dariya. Ya laluba aljihu ya ciro goro, ya sa babban yatsan ya ɓare shi ƙas, ya miƙa mata rabi. "Na fasa sakin. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kira ubanki, ki ce masa Litinin ina kasuwa."