Yadda Za Ka Guji Duniya Bayan Ita Ta Riga Ta Guje Ka

Ɗan'uwa, in an sallame ka daga aiki kuma kana jin nauyin komawa garinku, zauna ka karanta. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan shida, kafin damina biyu za a riƙa nuna ka ana cewa ga mutumin da ya ga duniya ya ce ba ya so.

Ni Illo na Madarumfa a kaina na gwada. Shekara tara ina awon gyaɗa a wani kamfani a Maraɗi, ga ɗan babur ɗina mobilet, ga agogo, ga rediyo mai jakar fata. Mushe Illo ake ce mini. Kada ka yi dariya, a bakin Faransawa girmamawa ce. Sai fari ya zo, gyaɗa ta ƙi. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, shugaban kamfanin ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce tunda babu abin aunawa, babu amfanin mai awo.

Mataki na 1: Riga labarinka isa gida

Kada ka shigo gari a ɓoye, mai ɓuya shi ake bincike. Ka sauka da rana tsaka, ka aika iyali gida, kai kuma ka wuce ƙofar masallaci inda dattawa ke zama. Bayan gaisuwa ka dubi wajen tabki, ka ja dogon numfashi, ka ce, "Na ƙoshi."

Dole wani ya tambaya. Ni wani tsoho ne ya ce, "Da mi ka ƙoshi, Mushe?"

Na ce, "Da duniya, Baba."

A lokacin cikina na ƙugi, don rabona da abinci tun jiya. In naka ya yi haka, ka rufe da tari. Kada ka damu da fuska. Yunwa da tsoron Allah kama ɗaya suke yi a fuskar mutum.

Mataki na 2: Ɗora wa kowane kaya laifi kafin ka sayar

Kayanka za su tafi, wannan babu makawa. Abin da ya rage shi ne kowanne ya tafi da laifinsa. Rediyo ba ya kawo komai sai mutuwar mutanen da ba ka sani ba. Agogo ɗan ƙarfe ne da ke ba ɗa namiji umarni. Mobilet kuwa ita ta kashe gaisuwa, mutum ya wuce surukinsa kamar an jefa shi.

Ka yi mako guda kana zagin abu, sannan ya ɓace. Kada ka sayar a gida, kai shi kasuwar Ɗan Issa, inda kowa harkar gabansa yake yi. In an tambaya ka ce, "Na rabu da shi." Ba ƙarya ka yi ba.

Abu ɗaya dai: ka yi tunanin dawowa. Ni a kan mobilet na je sayar da mobilet. Sai da mai saye ya tashe ta ya wuce na tuna. Na dawo a ƙasa, da takalmin birni, da rabin buhun hatsi a ka. Da na iso ina ɗingishi na shaida wa mutane cewa tafiyar ƙasa ita ce lafiya.

Mataki na 3: Kada ka gwada wannan a kan matarka

Na gwada. Na zauna na soma yi wa matata Delu bayani a kan ƙarewar duniya. Ta bar ni na kai ƙarshe tana tankaɗe.

Ta ce, "Malam, wa'azin nan kai ma dattawa. Ni hwaɗa min, korarka anka yi?"

Na dubi ƙasa na ce e.

Ta ajiye rariya. Matar da ta saba da famfo a ƙofar gida, yau ga ta da tulu. Can ta ce, "To. Ba mai ji a bakina. Amma kwanukana ba su cikin gudun duniyarka. Kuma ranar da ɗiyana suka kwana da yunwa don girman kanka, ni da kaina zan hito in ba da labari."

Washegari ta kafa kasko ta soma suyar kifi a ƙofar gida. Ka san garinmu an ce waliyyai casa'in da tara ke kwance kewaye da tabki. Tun daga ranar, in ta gama tuwo sai ta ɗaga murya ta ce, "Cikon na ɗari, a sauko a ci abinci."

Ka jure. Mai riƙe da asirinka yana da ikon yi maka suna.

Mataki na 4: Nemi aiki, amma ka kira shi tunani

Wanda ya guji duniya ba ya neman aiki. Fita yake yi da sassafe don duban ikon Allah. In ikon Allah ya kai ka lambun wani, ba laifinka ba ne.

Ni lambun Abdu ya kai ni, abokina tun muna yara, wanda ke shuka albasa a inda ruwan tabki ya ja baya. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini fartanya. Na duƙa na yi aiki da gaske har hantsi. Da ya zo dubawa sai ya riƙe baki.

"Illo, albasar ka tuge, ka bar ciyawa!"

Na ce, "Abdu, duk halittar Allah ce."

Ya ce, "To wadda ka bari ita za ka kai ma Delu."

Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙi miƙewa. Bayan wata uku Abdu ya yanka mini fangali shida ya ce nawa ne. Ranar da na ciro albasata ta farko na daɗe ina juya ta a hannu. Shekara tara ina auna abin da wasu suka noma, ban taɓa sanin nauyin nawa ba.

Mataki na 5: Yi hattara da masu yarda da kai

Nan ne haɗarin yake. Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji Ibrahim mai motocin dakon kaya zuwa Katsina ya sa aka dire buhun shinkafa a gabana, a idon jama'a.

Ya ce, "Malam Illo, ga ɗan abin sadaka, a sa mu a addu'a. Wallahi ina sha'awarka. Ni mota ɗaya ta makara a hanya, ba ni da sukuni."

Rabon gidana da shinkafa wata bakwai. Idanu duk suna kaina. Na haɗiye yawu na ce, "Alhaji, addu'a kyauta ce. Mi zan yi da shinkahwa?"

Aka yi ta kabbara. Na taho gida kamar in yi kuka. Ina shiga na tarar da buhun a jingine a ɗakin Delu.

Ta ce, "Na tare Alhaji ta bayan gida. Na ce mishi kai ka guji duniya, ni da yara muna cikinta."

Na ci da fuska a murtuke don kada a ce na ji daɗi. Na kuma nemi ƙari da wannan fuskar. Doka ke nan: duk abin da za ka ƙi ta ƙofar gaba, ka tabbata akwai mai hankali a ƙofar baya.

Mataki na 6: In duniya ta dawo biko

Za ta dawo. Ni bayan damina biyu Ɗan Baba, tsohon abokin aikina, ya zo ya ce wani attajiri a Maraɗi na neman mai riƙe masa magaza, wato shagon siminti. Ko shawara ban yi ba. Na kakkaɓe tsohon wandona, na ce wa mutane zan je dubiya.

Kwana tara na yi. Ɗaki kamar tanda, ruwan sha sai da dala, ko ganyen miya sai an saya. Maigidan tun safe yake ihu, kuma na lura ni kaɗai a wurin ke kallon rana, kowa agogon hannunsa yake kallo. A rana ta tara na tsinci kaina a kasuwa, riƙe da albasar wani, ina yi masa faɗa don ya cire ta ba ta ƙosa ba. Mutumin ya ce in saya ko in ajiye. Na ajiye, na je na miƙa makullai, na nufi tasha.

Da na iso na wuce ƙofar masallaci. Wannan karon da gaske na bar duniya, sai na ji ina so in sauke kayan ƙaryar ma.

Na ce, "Jama'a, ku gahwarce ni. Wancan karon ba ƙoshi na yi ba, korata anka yi."

Sai Abdu ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Alhaji Ibrahim ya ce, "Illo, tun kana hanya munka ji."

Na ce, "To don mi ba wanda ya hwaɗa?"

Liman ya ce, "Mutum ya zo mana da riga ɗaya, sai mu tuɓe mishi ita?"

Alhaji ya ce, "Shinkahwar ma da Delu munka shirya. Ita ta ce sai an bari ka ƙi tukuna, in ba haka ba ba ta wuce maka a maƙoshi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin kowa ba. In ka gwada a garin da ba a san sutura ba, ko matarka ba irin Delu ba ce, ko ka sayar da abin hawa nesa da gida, tsakaninka da ƙafarka. Haka nan in ka soma da wasa ka wayi gari abin ya zama gaske, ba ruwana, ni ma ba wanda ya gargaɗe ni. Mai ƙorafi ya same ni bakin tabki da sassafe. Ya zo da fartanyarsa.