Nomau da Gwaggo Mai Tari

A ƙauyen Tsamiyar Bawa, a gidan ƙarshe ta gabas, akwai wata tsohuwa, Inna Ladidi, da 'ya'yanta maza biyu. Babban shi ne Arzika, direban tirela, wanda ba a ganinsa sai salla-salla. Ƙaramin shi ne Nomau, wanda kullum ake gani har an gaji. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Matsalarsa ɗaya ce: yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Yana yaro Inna ta taɓa cewa ya tsaya a bakin ƙofa har ta dawo. Ta shiga maƙwabta hira ta yi daɗi, da la'asar ta fito ta same shi tsaye ƙiƙam, ruwan sama ya yi masa dukan tsiya. Tun daga ranar ba a ƙara ba shi amanar komai ba, ko kiwon akuya. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa, don haka ƙanensa, Baffa Sallau, shi ne mai faɗa a ji a gidan.

Wata rana, ana dab da faɗuwar damina, Arzika ya iso da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, mai dogayen ƙafafu, wadda ba ta shan fetur sai gas, wato dizal. Tun daga bayan gari aka jiyo ta, ƙwal-ƙwal-ƙwal, har mata suka fito da kwanonin hatsi a ka, sun ɗauka sabon injin niƙa aka kawo. Arzika ya ce ta Nomau ce, ya riƙa kai Inna unguwa yana ɗan jigilar kasuwa. Wata guda ya yi yana koya masa tuƙi a filin makaranta, abin mamaki kuma Nomau ya iya, don ita mota ba ta son mai ƙari a kan abin da aka ce masa. Da safe in an tashe ta sai ta yi tari uku kafin ta kama, shi ya sa ya raɗa mata suna Gwaggo.

Baffa Sallau bai ji daɗi ba. So yake makullin ya dawo aljihunsa, ya nemo direba a waje.

Ya ce, "Arzika, wanda ba a ba kiwon akuya za ka ba mota?"

Arzika ya ce, "Baffa, a dai gwada shi."

"To, na ji. Amma ɓarna uku na ba shi. Ranar da ya yi ta uku, makulli ya zo hannuna."

Nomau yana tsugune yana ji. Bai taɓa mallakar abin da ya wuce tufafin jikinsa ba, kuma son motar nan ya riga ya shiga ransa. Arzika ya damƙa shi a hannun Haladu bakanike, ya koma bakin aikinsa.

Wata rana Haladu ya zaunar da shi ya nuna masa fitilun da ke gaban sitiyari. Ya ce, "Mai gas ba a yi mata gaggawa. In ka murɗa makulli sau ɗaya, ka jira fitila ta mutu, sannan ka tayar." Washegari da hantsi Nomau ya shiga, ya murɗa, ya harɗe hannu. Mai ruwan ɗorawa ta mutu nan take, amma jajaye biyu suka ƙi, don su ba sa mutuwa sai inji ya tashi. Shi kuwa an ce fitila, ba a ce wacce ba. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, Inna ta miƙo masa fura ta taga ya sha. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Can wajen magariba jajayen suka dusashe, suka mutu murus.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, duk sun mutu."

Ya murɗa, Gwaggo ko tari. Batir ya ƙare tas. Sai da ƙarti takwas suka tura ta har gangaren makabarta, suna haki suna yi masa addu'ar da ba ta shiga littafi. Baffa Sallau yana kan dakalinsa, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Wata rana kuma Haladu ya ce masa, "Ka ji da kyau, kada ka yarda fetur ya kusance ta. Shi ne ajalinta." Daga ranar babu babur ɗin da ya ƙara tsayawa a ƙofar gidansu, ko na ladan ne sai Nomau ya fito da sanda ya ce a matsa gaba. Gidan mai kuwa ya haramta wa Gwaggo shiga, tunda akwai fetur a ciki. Sai ya ajiye ta can gindin wata kuka, ya saɓa jarka, ya taka ya sayo gas, ya ɗauko a ka. Masu sayar da mai har leƙe suke in sun hango shi. Wannan dai ba ɓarna ba ce, wuyansa ne ke shan wahala, don haka Baffa ya so ya ƙirga bai sami hanya ba.

Wata rana Nomau ya kai kuka wajen Haladu cewa Gwaggo tana tusar baƙin hayaƙi in za ta hau tudu. Haladu ya ce, "Halin masu gas ne. Kai dai ka riƙa sa ido a kan hayaƙin, in ya koma fari ka zo ka gaya mini." To, hayaƙi a baya yake fita. Nomau ya zuro kai ta taga, ya juya ƙeya ga hanya, ya taka totur. Ya ga hayaƙi sarai, baƙi ƙirin, ransa ya yi fari. Abin da bai gani ba shi ne dangar Baffa Sallau, da turken jaki, da tulunan ruwa guda huɗu. Jakin ya tsira da igiya a wuya, ba a same shi ba sai a ƙauyen gaba. Baffa ya fito da buta a hannu, ya dubi danga, ya dubi ɗan wansa, ya ɗaga yatsu biyu.

Nomau ya gyara danga da hannunsa, amma umarnin Haladu yana nan bai tashi ba. Ya je wajen mai walda ya ce a jona wa salansa dogon bututun ƙarfe, a biyo da shi ta gefe, a miƙar da shi sama daidai gabansa, yadda zai ga hanya ya ga hayaƙi lokaci guda. Mai walda ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ya yi aikin. Gwaggo ta fito da ƙaho ɗaya tana busa hayaƙi sama kamar gidan burodi. Duk inda ta gifta sai an nuna ta da baki, shi kuwa yana ciki yana ɗaga wa mutane hannu.

Wata rana, damina ta yi nisa, Baffa ya sa shi ya kai surukansa mata biki wani gari. Dama Haladu ya gargaɗe shi cewa mai gas in ta shanye tanki ta zuƙi iska, tashinta sai an sha wuya, don haka kada ya kuskura ya bar allurar mai ta sauka ƙasa da rabi. Suna tsakiyar daji, ba gida gaba ba gida baya, allura ta zo kan rabi cif. Nomau ya taka birki, ya kashe mota, ya ɗauki jarka.

Babbar cikinsu ta ce, "Ɗan nan, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Mai zan sayo."

"Ya ƙare ne?"

"A'a, saura rabi."

Ya kulle ƙofofi don kada wani ya taɓa ta, ya bar su a gindin ƙirya da atamfofinsu da ƙwaryar gara, ya kama hanya a ƙafa. Kafin ya dawo hadari ya haɗo ya sauke a kansu. Suka isa an watse, jan baki ya zubo har haɓa. Da labari ya zo wa Baffa, bai tsaya ɗaga yatsu ba.

Ya ce, "Gobe da safe ka kawo mini motar ƙofar gida, ka kawo makulli."

Nomau ya ce to. Ya cika tanki, ya wanke Gwaggo tas har ƙahon, ya zauna a gefenta ya ƙi cin tuwo. Baƙin ciki ya cika shi, don ya san in makullin nan ya tafi, ya koma Nomau na da, wanda ba a aike sai an haɗa shi da wani. Inna ta leƙo ta gan shi, ta koma ɗaki tana share ido da bakin zane.

Washegari, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ya ja ta a hankali zuwa ƙofar Baffa. Sai ya tarar da taro. Ashe Baffa ya yi sammako duba gona, kububuwa ta sare shi a ƙafa. An shimfiɗe shi a zaure, ƙafar ta fara kumbura, jini na tsattsafowa daga dasashinsa. Allurar dafi sai asibitin birni, kuma duk garin ba wanda ya iya jan Gwaggo sai mutum ɗaya.

Nomau ya durƙusa ya miƙa makulli da hannu biyu. "Baffa, ga shi."

Baffa ya ce, "Wa ke ta makulli? Ku sa ni a ciki. Nomau, ka taka ta. Kada ka tsaya wa kowa, kada ka ɗaga ƙafarka, sai ƙofar asibiti. Ka ji ko?"

"Na ji, Baffa."

Aka kwantar da shi a baya, Inna ta shiga ta tallafe masa kai. Nomau ya murɗa sau ɗaya, jama'a na ta ce masa ya tayar, shi kuwa sai da fitila mai ruwan ɗorawa ta mutu, wadda Haladu ya gaya masa daga baya ita yake nufi. Gwaggo ta yi tarinta uku, ta ɗauki hanya tana watsa taɓo.

Tsakanin Tsamiyar Bawa da birni akwai Rafin Kanya, ba gada, mashigi ne kawai. Ran nan ya kawo ja wur, ruwa har cinya. Motocin kasuwa da babura sun yi layi a baki suna jiran ya janye, wata bas mai fetur da ta yi gangancin shiga an jawo ta da igiya, Haladu na ƙarƙashinta yana fama. Mutane suka hango ƙaho tafe da hayaƙi, suka tare hanya suna ɗaga hannu. Nomau ya danna oda, suka watse.

Baffa ya ɗago kai ya ga ruwa, ya manta da maciji.

"Nomau, tsaya. Tsaya mana!"

"Baffa, nan ba ƙofar asibiti ba ce."

"Ni ne na ce ka tsaya."

"Ka ce kada in tsaya wa kowa."

Gwaggo ta faɗa ruwa. Ya rufe tayoyi, ya shigo ta ƙasan ƙofa, ya ɗauke takalman Inna, ita tana ta salati. Motar ta yi tangaɗi, ta gyara tsayuwa, ta ci gaba da gurnani, hayaƙi na tashi ta sama inda ruwa bai kai ba. Ƙafar Nomau na kan totur kamar an kafa ta da ƙusa. Can sai ga ta ta dafe tudun tsallake, ruwa na zuba ta ko'ina. Bakin rafi ya kaure da sowa, har da waɗanda suka tura ta ranar batir.

Ya isa ƙofar asibiti ya taka birki daidai bakin ƙyaure. Maigadi ya buɗe ya ce ya shigo da ita ciki, ya ce a'a, ƙofa aka ce masa. Dole ma'aikata suka fito da gadon turawa. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da sai dai wani zancen.

Daga baya Haladu ya yi wa 'yan dakali bayani. Ya ce mai gas ba ta da fulogin da ruwa zai jiƙa ya kashe ta, hancin da take shaƙar iska da shi a sama yake, ga bututun da suke yi wa dariya ya hana ruwa toshe salansa. Ya ce da Nomau ya ji maganar Baffa ya ɗaga ƙafa a tsakiyar rafi, da ruwa ya tafi da su duka. Kafin kaka, motoci uku a yankin sun yi ƙaho.

Ranar da aka sallamo Baffa, gari ya taru a ƙofar gidansa ana yi masa barka. Nomau ya ratsa mutane ya durƙusa, ya sake miƙa makulli, tunda ba wanda ya ce masa maganar ta tashi. Baffa ya dube shi cikin kunya da ƙauna. Sannan ya kama hannun, ya naɗe masa yatsu a kan makullin.

Ya ce, "Riƙe abinka, ɗana. Kada ka ƙara ba kowa makullin nan. Ko ni ne."

Inna ta rangaɗa guɗa, abin da rabonta da yi tun auren Arzika.

Bayan kwana uku Baffa ya tuna hularsa ta zuwa Juma'a ta faɗi a cikin motar ranar maciji. Ya dogara sanda har gidan, ya ce, "Nomau, ba ni makulli in ɗauki hulata."

Nomau ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Baffa, ka ce ko kai ne."

Baffa ya juya yana dariya har sandar na neman kuɓuce masa. Bai ce a ɗauko masa ba, shi kuma Nomau ba a ce ya ɗauko ba. Hular tana nan a gaban gilashi har yau, in Gwaggo ta taho, ita ake fara hangowa bayan ƙaho.