Ranar da Dokta Hargrove Ya Je Karɓar Takardar Shaida

"Ni ba sai mutum ya buɗe baki ba," in ji Dokta Wendell Hargrove. "Ya shigo kawai ya rataye kwat ɗinsa. Daga yadda ya ɗaga kafaɗa zan karanta maka tarihinsa har da na kakarsa."

A ɗakin shan kofi na cibiyar ya yi wannan cika baki, da safiyar jarrabawarsa ta ƙarshe. Mai sauraronsa Dokta Imelda Quiroga ce, wadda suka fara karatu tare, ita ma ranar ce tata jarrabawar. Ta ci gaba da juya cokali a kofinta.

Abokina, ka san dai aikin cibiyar nan ta bayan tashar motar garinmu. Likitocin ƙwaƙwalwa ke zuwa su ƙara shekara huɗu suna koyon cewa fushi da baƙin ciki ba a ka kaɗai suke zama ba, gangarowa suke su ƙulle a muƙamuƙi da wuya da ƙirji. Sai a kwantar da mutum a katifa, a sa shi numfashi, a danna inda ya sandare, har kukan da ya haɗiye tun yana yaro ya fito. Doka ce kowane ɗalibi shi ma ya kwanta a danna shi. Wendell kam kullum da uzuri, wai shi jikinsa a sake yake kamar dafaffiyar taliya. Abokan karatunsa suka laƙaba masa Sarkin Tsoka, shi kuwa ya ɗauka yabo ne. Har ya ajiye aikinsa na asibiti tun makon jiya, bayan ya dubi shugaban asibitin ya ce masa kai ba likita ba ne, dillalin ƙwayoyi ne kai.

Jarrabawar ba ta da wani ɓoye-ɓoye. Za a kawo mara lafiya wanda ya yarda, ka yi aiki a kansa gaban dattawa uku. Shugabarsu Dokta Rosalind Tischler ce, 'yar tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, babban yatsanta kamar ƙusa.

Gogan naka ya ƙulla dabara. Zai riga dattawan ganin mara lafiyar, ya tatse sirrinsa, in an shiga jarrabawa ya yi kamar a tsoka ya karanto.

Yana leƙa baranda sai ga wani dattijo a kan benci, da rigar sanyi mai zane-zane, baki a datse, kunci ɗaya a kumbure, ido na hawaye. Bari in gaya maka tun yanzu: a saman benen cibiyar akwai likitan haƙori. Dattijon nan Orville ne, mijin Dokta Tischler, yanzu aka cire masa turamen haƙori biyu, aka cusa masa auduga, allurar kashe zafi ba ta sake shi ba. Matarsa yake jira ta ba shi makullin mota. Wendell kuwa shekara huɗu bai taɓa tambayar kowa lafiyar iyalinsa ba, ina zai san shi?

"Yallaɓai, kai ne na Dokta Tischler?"

Dattijo ya gyaɗa kai. Ai gaskiya ne.

Wendell ya ja shi ɗakin jarrabawa, ya cire masa takalma, ya shimfiɗe shi a katifa. Orville mutum ne mai kawaici, ya ɗauka matarsa ce ta ce a kwantar da shi ya huta. Likita ya zagaya shi sau biyu yana girgiza kai, ya ce tunda yake bai taɓa ganin muƙamuƙi mai tarin baƙin ciki irin wannan ba. Ya tambaye shi me ke damunsa.

Orville ya nuna kunci, ya yi ƙoƙarin cewa haƙori. Abin da ya fito ta cikin audugar bai wuce "haƙʼri" ba.

"Haƙuri," in ji Wendell, ya tafa hannu. "Shi ne ciwon. Shekara saba'in kana haɗiyar haƙuri har ya kumbura maka fuska. Wa ya hana ka magana?"

Dattijo ya nuna ƙofa, ya ce a kira masa matarsa. Kalmar "matata" kaɗai ta fito sarai.

Daidai nan ƙofa ta buɗe, dattawa uku suka shigo da takardunsu, Imelda na biye. Dokta Tischler ta tsaya cak. Kafin ta ce uffan Sarkin Tsoka ya gyara wuyan riga ya fara jawabi. Ya ce kada su wahalar da kansu, cikin minti goma ya gama gano komai. Wannan bawan Allah azzaluma yake aure, busasshiyar kunama, irin matan da in sun yi tari miji ke neman gafara. Ita ta ɗaure masa baki, kuma yanzu a gabansu zai kwance.

Ya kafa babban yatsa a kuncin nan mai kumburi, ya danna.

Orville ya yi wata ƙara da aka ji har tashar mota. Audugar ta yi tsalle da jininta ta manne a rigar ɗaya daga cikin dattawan.

"Kun ji ko?" in ji Wendell. "Fushin aure ne ke fita."

"Orville, sa takalmanka," in ji Dokta Tischler a hankali. Sannan ta dubi likitan. "Mijina ne. Haƙori aka cire masa. Kunamar kuma ga ta a gabanka."

Mai hankali da nan zai nemi gafara ya nemi ƙofa. Wendell ya ce ai jiki ba ya ƙarya, ko haƙorin ma damuwa ce ta ruɓar da shi. Don ya nuna musu ƙwarewa, ya ɗauko sandar da ake ba marasa lafiya su jibgi katifa, ya ce su kalli yadda sakakken jiki ke fitar da fushi. Ya ɗaga ta sama da hannu biyu, ya ja numfashi, ya sauke da ƙarfinsa duka.

Bayansa ya ce ƙas. Ya tsaya a lanƙwashe kamar lauje, hanci na kallon katifa, ba gaba ba baya.

Ana cikin haka sakatariya ta leƙo ta ce mara lafiyar gaskiya ya bugo waya, dusar ƙanƙara ta rufe hanyarsu, ba zai iso ba. Dokta Tischler ta dubi Wendell, ta dubi Imelda.

"Dokta Quiroga, ga mara lafiya. Kina da minti arba'in."

Sai da mutum uku suka haɗu suka kife Wendell a katifar. Imelda ta taɓa wuyansa ta ce katako, ta taɓa kafaɗa ta ce wannan kuma ƙarfe. Dattawa na ta rubutu. Ta sa shi numfashi, ta lalubo wani ƙulli a ƙasan allon kafaɗa ta danna. Sai ga babban likita yana rusa kuka da majina, yana ba da labarin wasan kwaikwayon makaranta da aka hana shi fitowa a sarki, aka sa shi ya tsaya a bishiya. Orville, da sabuwar auduga a baki, shi ya riƙa miƙa masa hankici.

Nan take aka sa wa Imelda hannu a takardarta. Wendell ya lallaɓa ya zauna, ya share ido, ya tambaya cikin ƙaramar murya ko shi yaushe zai dawo.

Dokta Tischler ta rufe biro ta sa a jaka.

"A matsayin likita, bayan shekara biyu," ta ce. "A matsayin mara lafiya, ranar Talata. Ni zan duba ka da kaina."