Dakaren da Ya Zama Waziri

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na tara dattawan Ƙofar Atiku su ga na kayar da Bature. Shekaru kaɗan ke nan da shigowar Turawa Sakkwato, ina yi wa ɗayansu tafinta, kuma a unguwa Sarkin Dara ake ce mini, don ba wanda ya taɓa cinye ni.

Baturen yana da tasa darar ta katako: sarki, waziri, dawakai, sai dakaru takwas a gaba, ƙanana kamar goruba. Sau biyu kawai ya nuna mini, na ce na iya. (Da ya zo bayanin dakaru ma hamma nake yi.) Na shaida wa Kawu Buhari, yayan mahaifiyata, cewa abin da ya gagari masu mashi ni zan rama shi da katako. Kawu ya gayyato mutane, Bature ya kawo allonsa har zaurenmu.

Ni a ganina rashin kunya ce dakare ya tare wa sarki hanya. Sai na riƙa tura su gaba ɗaya bayan ɗaya, Bature na tsincewa, ni ina murna fili ya buɗe wa manya. Sarkina kuwa ya zauna tsirara, ba mai kare shi.

Ina can ina sukuwa da doki, wani dakaren Bature na ta rarrafe a gefe. Kawu ya zungure ni. "Kai, dibi ɗan ƙanƙanen ga, ina za shi?"

"Kawu, bar shi, dakare na. Mi zai yi?"

Da ya kai ƙarshen allo, Bature ya ɗauke shi ya dasa waziri a gurbinsa. Na miƙe tsaye, rawani na warwarewa. "Wa an naɗa shi? Ɗan wa na?" Bature ya ce ai ya faɗa mini tun ran farko cewa dakaren da ya kai ƙarshen allo waziri yake zama. Taku biyu sabon wazirin ya yi, sarkina ya rasa mafita. Kunya ta sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kawu ya karkaɗe rigarsa. "Turawa bindiga sunka sa kahin su ci gari. Kai da hannunka ka buɗe ƙohwa."

Daga ranar sunana ya koma Mai Buɗe Ƙofa. Yanzu ko masinjan ofis na gani sai na riga shi gaisuwa, don ban san ina za shi ba.