Wainar da Na Ci a Gaban Gilashin Gidan Talabijin

Ba zan taɓa mantawa da abin da abokina Nazifi ya jawo mini ba, kuma har gobe ina faɗa, ni ba da son raina na je wurin nan ba. Ina zaune a kan babur ɗina a tasha, ranar kasuwar Mai'adua ce ma, fasinja sai wanda ka zaɓa, mutumin nan ya zo ya tsaya a kaina.

"Tashi mu je. Yau tsofaffin ma'aikatan gidan talabijin ke bankwana da tsohon gininsu, za a mayar da shi wurin koyon ɗinki. Baba yana can."

Na ce, "To ni tela ne ko ɗan jarida?"

"Kai mai son ƙanwata ne. Wata nawa kana jira Baba ya ce ka turo manya? Zo ka kai kulolin abinci, ya ga kana da amfani."

Nan ya kama ni. Ummi nake nema, kuma babansu tsohon injiniyan sauti ne, a gidan talabijin ɗin nan ya yi aiki har ya yi ritaya. Mutum ne mara yawan magana, sai dai ya sauke tabarau kan hanci ya kalle ka ta samansa. Da aka kai masa maganata, abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan mai surutun?" Tun daga nan shiru.

Na koma gida na zuba shaddar sallah, na yi wanka da turare, na biya gidansu na ɗauro kuloli uku a bayan babur. Waina ce da miyar taushe, girkin Innarsu.

Ginin ya tsufa, fenti duk ya koɗe, doguwar eriyar ta zama gidan tantabaru. Nazifi ya shigar da ni wani ɗaki mai ƙofa kamar ta firij, bangon duk an liƙe shi da soso. An jawo wutar janareta, fitilun sama suna haske fes.

"Nan ake karanta labarai da. Ajiye ka jira ni, in duba ko su Baba sun gama zagaye."

Yana rufe ƙofa duniya ta yi tsit, ko ƙarar janareta babu. Sai na ga wani ƙaton gilashi a bango, ina ganin kaina a ciki tun daga hula har takalmi. Na ce lallai nan masu karanta labarai ke gyara hula. (Ni da na ajiye boko a aji uku na sakandare, wa ya taɓa yi mini bayanin gidan talabijin?)

To, tunda ga madubi ga kaɗaici, na ce bari in gwada gaisuwar da zan yi wa Baba. Na durƙusa na sunkuyar da kai. Bai yi ba, na yi kama da wanda aka kama da kaza. Na sake. Na uku ya yi kyau, har na jinjina wa kaina. Daga nan shaiɗan ya ce saura amsar Baba. Na miƙe na koma ɗaya gefen, na turo hula gaba, na sauke tabarau na ƙarya kan hanci, na kalli inda na durƙusa ta samansa, na gyaɗa kai a hankali. Na koma na zama ni, na yi godiya da hannu biyu. Har 'yar rawa na taka.

Sai ƙamshin miya ya buge ni. Kun dai san mai neman aure ko ruwa ba ya sha a gaban surukai. Na yi lissafi, in an fara rabon abinci dole in ce alhamdulillahi na ƙoshi, alhali tun safe koko kawai na sha. Dabara ita ce in cika ciki a nan inda ba kowa.

Na buɗe kula. Ɗaya, biyu, wallahi hannun Inna ba wasa ba. Miya ta ɗiga a shadda, na kamo wurin na tsotse. Na matsa jikin gilashi har hancina yana taɓa shi, na wage baki ina zaro alayyahu daga haƙori, wata wainar tana ɗaya hannun.

A nan ne wani ya kunna fitila a bayan gilashin.

Fuskata ta ɓace, fuskar Baba ta fito, tsakaninmu bai fi taku ɗaya ba. Kusa da shi ga wansa Baffa, ga tsofaffin abokan aikinsa, ga Nazifi can baya ya toshe baki da hula. Ashe ɗaki ne, inda injiniyoyi ke zama a duhu suna kallon mai karanta labarai shi ba ya ganinsu. Baffa ya dafa bango yana dariya, ni kuwa ko sautinta ba na ji.

Na zube ƙasa da waina a hannu ina gaida gilashi. Ƙofa ta buɗe, Baba ya shigo, sauran a bayansa.

"Sannu da aiki."

"Baba ina wuni. Dama ɗanɗanawa nake, ko gishiri ya ji."

"Ya ji?"

"Ya ji, Baba."

"Ai ka tabbatar, har sau bakwai." Ya sauke tabarau. "Mu can ba ma jin sauti. Dattijon nan da ka yi, mai turo hula gaba, me ya ce maka?"

Na nemi ƙasa ta tsage ta ƙi. Na ce, "Cewa ya yi in turo manya, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Baffa ya ce, "Malam, ka amsa wa yaro, gwiwarsa za ta yi tsami."

"To tunda ya riga ya faɗa, ba zan ƙaryata shi a gaban mutane ba. Su zo bayan Juma'a. Ka ƙarasa wainarka."

Ban ƙarasa ba. Aljihu na saka ta, kuma shaddar nan har yau da tabon mai.

An yi biki, Ummi tana ɗakina, kuma duk ranar da ta toya waina sai ta tambaye ni ko in ci a nan ko ta kawo madubi. Ni dai abin da na koya, duk gilashin da ban san bayansa ba, sai na yi masa sallama kafin in buɗe baki.

Da Nazifi kuwa mun sha rigima. Ran nan na sake tayar masa, na ce, "Kai ba aboki ba ne. Kana tsaye kana kallo ina kashe kaina, ko ka ɗan ƙwanƙwasa gilashin?"

Ya ce, "Wallahi na ɗaga hannu tun a waina ta biyu. Baba ne ya riƙe ni, ya ce a gidan nan ba a taɓa katse shiri ana tsakiyarsa ba."