Yadda Za Ka Samu Gidan Haya a Osaka Ko da Kai Baƙo Ne

Tun da na dawo unguwarmu Zahir a Makka samari ke tare ni bayan La'asar: "Abdulilah, yaya aka yi ka samu gida a Japan?" Shekara huɗu na yi a Osaka ina wa wani kamfani sayen kayan gyaran mota, don haka ka saurara. Ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin makulli a hannu.

1. Ka jefa kanka cikin matsi

Kada ka fara neman gida sai ka gaya wa matarka ya samu. Haka na yi wa Haifa. Ta sayi tikiti, Umma ta tara maƙwabta aka yi ban kwana, ni kuwa a kan kwalaye nake kwana a siton kamfani. Saura kwana goma sha biyu ta sauka. Masana sun tabbatar babu abin da ke buɗe basira kamar tsoron mata.

2. Ka taƙaita tarihin gidanku

Dillalina, Morita, ya dubi fasfona, ya dubi fuskata.

"Saudiyya?"

"Ƙwarai."

"Amma kamar Afirka?"

"Kakana ne ya zo Hajji daga Sakkwato a ƙafa, bai koma ba."

Ya rubuta wani abu a takarda. Kada ka maimaita kuskurena. Babu mai gidan da ke son jin cewa a danginku in an zo ba a komawa.

3. Ka koyi jin "a'a" da ba a furta ba

Ba wanda zai kore ka. Morita zai kira mai gida, ya ambaci baƙo, ya rusuna wa wayar sau uku, ya ce maka, "Akwai ɗan wuya." Ma'anarsa kalas, an gama. Sau goma sha bakwai na ji ta. Wani gidan har an rubuta an yarda da kare da kyanwa. Na tambayi matsayina, aka ce akwai ɗan wuya.

4. Ka nemo mai tsaya maka

Kai da ka girma kana jin baƙin unguwar Nakkasa na kukan rashin kafili, wato mai tsaya musu, kana wucewa abinka, yau layi ya zo kanka. Shugabana a kamfani ya yarda ya sa hannu, da sharaɗin zan raba shara kashi biyar kuma maƙwabta ba za su taɓa jin ƙamshin girkina ba. Na amince. Ban ga amfanin ambaton daddawar da ke cikin akwatin Haifa ba.

5. Ka tambayi gidan da kowa ke gudu

Saura kwana biyu, Morita ya rage murya.

"Akwai wani, kusa da tashar jirgi, da araha. Sai dai tsohon da ke ciki a nan ya rasu."

"To sai me?"

"A cikin ɗakin fa."

"Bawan Allah, ni ɗan Makka ne. Da wuya a idar da salla a Harami ba a sallaci gawa ba. Yana ciki har yanzu?"

"A'a."

"Ba ni makulli."

Da aka gaya wa mai gidan baƙo ne, cewa ya yi ko goma ne su zo.

6. Ka hana matarka koyon yare

Nan na yi sakaci. Wata uku muna lafiya, Haifa ta fara jin Japananci. Wata tsohuwar maƙwabciya ta kawo mata lemo, ta yaba jarumtarta, ta shigo ta nuna mata daidai inda aka samu marigayin. Nan gadonmu yake.

Haifa ta kira Umma, ta miƙo min wayar.

"Ya waladi, 'yar mutane ka kwantar a makwancin mamaci?"

Na fara kawo hujjar Harami, Haifa ta katse ni: "A Harami wucewa ake da su, ba a gadonsu ake kwana ba."

Na ce mu nemi wani gidan, ta tambayi sau nawa aka ƙi ni. Da na faɗa, ta ja katifa zuwa kicin. Can muka kwana shekara uku da wata tara, kaina kusa da firji.

Abin lura: makulli na yi maka alkawari, ban ce ɗakin kwana ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da matarka, mahaifiyarka ko tsohon mai ɗakin, babu hannuna. Ni ma har na baro Osaka ɗakin na marigayi ne, haya ce kawai tawa.